Buhunan Ɗakin Inna

Asabar, da hantsi

Alhamdu lillahi, masara ta yi kyau bana. Abin da na so in fara rubutawa ke nan tun shekaranjiya da aka gama casa aka shigo da buhuna, sai ga shi Inna ta tashi da amai.

Inna, uwar mijina, tun da aka kawo ni gidan nan na Tsiga ban taɓa jin ta ce wash ba. Yau kuwa tun da gari ya waye take kelaya amai. Ta ce miyata ce, wai na cika daddawa. Daddawar da ita da kanta ta sayo wajen Gwaggo Tani maƙwabciyarmu, ta kuma tsaya a kaina har na zuba. Ni ma na ci miyar, Malam maigidana ya ci har da neman ƙari, ga mu nan garau.

Da ƙyar na sami hanyar kai mata roba, don ɗakin ya cika da buhuna har bakin gado. A gidan nan hatsi a ɗakin Inna yake kwana. Da can rumbu ne, amma tun da ɓarayi suka fasa na maƙwabta suka kwashe, Malam ya ce ba zai ƙara barin guminsa a tsakar gida ba. Inna kuwa daɗi ta ji, don dama ita ke awo kullum da safe. Sai ta zauna da tiyarta ta auna mani na tuwo, tana yi tana mita wai ina da sakin hannu.

Na dafa mata citta da lemun tsami. Ta kurɓa, ya dawo.

Lahadi, bayan la'asar

Malam ya kira Murtala mai kyamis. Ya zo da jakarsa, ya taɓa goshinta, ya ce, "Taifot ne da maleriya, Inna. Bana shi ake yi." Ko jininta bai ɗiba ba. Ya yi mata allura, ya bar ƙwayoyi masu launi-launi. Inna ta dube shi ta ce, "Kai da na san ranar sunanka, yau kai ne za ka tsira mani allura?" Muka yi dariya, har ita.

Ƙwayoyin ba su zauna ba. Cikin da ba komai a ciki, ina za su zauna?

Litinin, da safe

Ko ruwa ba ya tsayawa. Yau ba ta yi awo ba, ta ce in ɗiba da kaina.

Talata, da yamma, a asibiti a Funtuwa

Da safe na ga idanunta sun faɗa, leɓɓanta sun bushe, kuma tun jiya ba ta nemi in kai ta bayi ba. Na ce wa Malam ni kam ba zan zauna ina kallo ba. Ban saba ɗaga masa murya ba, amma yau na ɗaga, ya kuma nemo mota. Allah Ya saka masa.

Likitar da ta karɓe mu mace ce, Likita Amatullahi, 'yar siririya mai saurin magana. Ta tsunkuli fatar hannun Inna ta saki, fatar ta tsaya a tattare. Ta ce ruwan jikinta ya ƙare, shi ne abin da za a fara gyarawa. Nan da nan aka ɗaura mata ƙarin ruwa, aka yi mata allurar tsayar da amai, aka ɗebi jini da fitsari.

Na tambaye ta ko taifot ne. Ta ce, "Malama Lauratu, amai ba ciwo ba ne shi kaɗai, alama ce. Zazzaɓin sauro na sa shi, taifot na sa shi, gurɓataccen abinci, gyambon ciki, ciwon suga, ciwon ƙoda, har ciwon cikin kunne mai sa jiri. Wani ma maganin da ya sha ne kan cikin da ba komai. Tsayar da shi ba wuya. Gano abin da ya kawo shi, shi ne aikin."

Ta tambaye ni ko akwai jini a aman, ko gudawa, ko zafin jiki. Na ce babu. Ta tambayi abin da Inna ta ci, na lissafa, Inna daga kwance ta ce, "Daddawa." Likita ta yi murmushi ta rubuta wani abu, ban san ko daddawar ta rubuta ba.

Laraba, da azahar

Aman ya tsaya. Na gode wa Allah, na gode wa Allah.

Alhamis, da hantsi

Sakamako ya fito. Ba taifot, ba zazzaɓin sauro, suga lafiya, ƙoda lafiya in ban da ɗan wahalar rashin ruwa. Likita ta ce wataƙila wani abu ne ta ci da ya ɓata mata ciki, tunda ga shi ya wuce. Amma na lura ta daɗe tana kallon takardar kafin ta faɗa.

Wata nas ta koya mani yadda ake ba mai amai ruwa. Ashe kuskure nake yi da nake cika mata kofi in ce ta daure ta shanye. Cokali-cokali ake bayarwa, a ɗan jira, a ƙara. Idan ya dawo a huta kaɗan a sake farawa. Ta nuna mani ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, ta ce a narka shi a tafasasshen ruwan da ya huce. Abinci kuwa a fara da kunu marar kauri, ban da mai, ban da yaji, kuma kada ta kwanta da ta gama sha. Ta ce cittar da na dafa ba laifi, tana kwantar da tashin zuciya, sai dai ba ta maye ruwan da jiki ya zubar.

Inna ta sha kunu rabin kofi. Ta ce ba tsami.

Asabar, da yamma, a gida

Mun dawo. Mata sun cika gida da sannu. Gwaggo Tani ce ta fara shigowa, da ƙullin tsamiya a hannu. Ita da mutanen gidanta ba sa salla, addinin kakanninsu suke bi, amma duk unguwar nan ba wanda ya kai ta zuwa dubiya. Inna ta ce mata, "Daddawarki ta kusa kai ni lahira." Gwaggo Tani ta ce, "Yo ke lahirar ma ai korowa za su yi, don mita."

Na kwaso tabarmata na dawo ɗakin Inna da kwana. Ta ce ba ta so, ita ba jinjira ba ce. Na shimfiɗa duk da haka.

Talata, da safe

Ta yi awo da kanta. Ta ce kwanakin da ba ta nan na cinye rabin buhu. Wallahi daɗin faɗan nan na ji har cikin raina.

Juma'a, bayan sallar Juma'a

An shigo da wake daga gonarmu ta garin Ƙarfi, shi ma ya yi albarka. Sai da aka jingine akwatin Inna a kan wani kafin buhunan su shiga. Malam ya ce wannan karon bai yi rowar magani ba, don wake ba ya jure ƙwari, bara rabinsa gari ya zama. Na ga yana ƙulla ƙwayoyin maganin a tsumma yana cusawa cikin kowane buhu, kamar yadda kowa ke yi.

Sanyi ya fara shigowa. Inna ta sa na toshe taga da tsummoki, na saki labule mai kauri a ƙofa. Ɗakin ya yi ɗumi.

Lahadi, da hantsi

Na tashi da tashin zuciya da ciwon kai. Ban gaya wa kowa ba. Da na fita shara na sha iska sai ya lafa.

Litinin, da hantsi

Yau ma. Har sai da na zagaya bayan ɗaki.

Wani abin kuma, hancina ya zama wani iri. Ina jin warin tafarnuwa a ɗakin Inna, na duba ko'ina ba tafarnuwa. Na tambaye ta, ta ce ita ba ta jin komai, hancinta ya daɗe da yin ritaya.

Ɓerayen da suka hana mu sakat sun yi shiru. Na share biyu matattu a bayan buhuna. Ko banza an huta.

Litinin, da la'asar

Na je ɗibar ruwa, Gwaggo Tani ta tare ni a bakin rijiya.

"Ke Lauratu, tsaya in gan ki. Wannan yawun da kike ta tofarwa fa?"

Na ce ba komai, zuciyata ce ke ɗan tashi da safe.

"Da safe? Wari kuma yana damun ki?"

Na ce e.

Ta ajiye guganta, ta kama haɓa, ta dube ni tun daga sama har ƙasa. Ba zan rubuta abin da ta ce ba. Na ce mata don Allah ta rufa mani asiri, ta ce bakinta ƙanin ƙafarta. Ta karɓe bokitina ta kai mani har ƙofar gida, wai daga yau ba ni ba ɗaukar nauyi.

Duk shekarun da na yi a gidan nan ban taɓa goyo ba. Inna ba ta taɓa yi mani gori ba, ko da wasa. Ranar da Hafsatu ƙanwar Malam ta jefa mani magana a kan haka, Inna ce ta ce ta ɗauki mayafinta ta koma gidan mijinta. Na daɗe da koya wa zuciyata haƙuri. Yau kuwa ta ƙi jin magana, sai tsalle take.

Ban gaya wa Malam ba. Ba zan gaya masa ba tukuna.

Talata, da safe

Inna ta soma amai kuma.

Talata, bayan azahar

Ina ba ta cokali-cokali kamar yadda aka koya mani. Wani ya zauna, wani ya dawo. Tana cewa ƙirjinta ya yi nauyi, ɗakin yana juya mata. Ni ma kaina kamar ana sara, amma nawa na san dalilinsa, ko in ce ina zaton na sani.

Ina riƙe mata roba sai nawa ya taso, na fita da gudu. Da na dawo na tarar ta zuba mani ido. Ta daɗe tana kallo na, ga wahala a fuskarta, amma sai na ga bakinta ya motsa da murmushi. Ta ce, "Ɗiyar nan, bar robar nan, kira Tani ta riƙe. Ke zauna." Kunya ta kama ni kamar in nutse. Sai na ji tana ta hamdala ƙasa-ƙasa.

Masu dubiya kowa da nasa. Wata ta ce sammu ne, wata ta ce iska ce ta shafe ta, a rufe ɗaki a yi hayaƙi. Malam ya ce gobe in ba sauƙi mu koma Funtuwa. Na so a tafi yau. Na yi shiru don mota ba ta samuwa da yamma, kuma ba wanda ke son hanya idan rana ta faɗi.

Laraba, da hantsi, a asibiti

Ba ta iya tashi salla ba. Numfashinta sama-sama, hannuwanta sun yi sanyi, na kira ta ba ta amsa da kyau. A mota kanta na kan cinyata, ina jin ƙirjinta yana wani irin bugu, ya yi sauri ya tsaya ya ci gaba. Ban san addu'ar da ban karanta ba.

An sa mata abin numfashi a hanci, an ɗaura ruwa. Likita Amatullahi ta ce jininta ya sauka ƙwarai. Yau ba ta yi murmushi ba. Ta ce, "Wannan ba abinci ba ne. Akwai abin da ban gani ba."

Ya Allah, kada Ka ɗauke mani ita yanzu. Ba yanzu ba.

Laraba, da azahar

Na yi amai a baranda, Likita ta gani. Ta ja ni gefe ta yi mani tambayar da mata ke yi wa mata. Ta ce a gwada.

Babu. An gwada, babu komai.

Laraba, da yamma

Na shiga bayi na yi kukana na wanke fuska. Da na fito Likita na jira na a kan benci. Na ɗauka haƙuri za ta ba ni. Ta ba ni, a taƙaice, sannan ta ce, "Malama Lauratu, ki yafe ni, ba lokacin tambaya ba ne, amma dole in yi. In ba wannan ba ne, me ke sa ki amai? Yaushe kike jin sa?"

Na ce da na tashi daga barci.

"Da rana fa?"

Na ce idan ina tsakar gida yana lafawa.

"A ina kike kwana?"

Na ce ɗakin Inna, tun da aka sallame mu.

"Maigidanki yana yi?"

Na ce a'a, shi ɗakinsa daban.

Ta gyara zama. "Me ke cikin ɗakin nan? Faɗa mani komai, har abin da kike ganin ba shi da amfani."

Na ce gado ne da akwatuna da buhunan masara da wake. Na faɗi tagar da muka toshe. Na faɗi warin tafarnuwa, ina jin kunya don na san abin da na ɗauke shi. Da na zo kan ɓeraye sai ta miƙe tsaye ta ce a kira mata Malam.

Ya shigo da hularsa a hannu. Ta ce, "Malam Sama'ila, me ka sa wa hatsin nan?"

"Bom ne, Likita. Ƙwayar nan ta maganin ƙwari. A kasuwar Bakori na saya, kowa na sawa."

Ta tambayi ko buhunan masu leda ne a ciki, ya ce a'a, na masara ne dai da aka sani. Ta tambayi yawan da ya sa. Da ya faɗa sai na ga ta ajiye biro.

Ta yi bayani a hankali, ba faɗa. Ta ce ƙwayar nan idan ta sha iska sai ta riƙa fitar da wani hayaƙi da ido ba ya gani, shi ne ke kashe ƙwarin. Buhun da ba leda ba ya riƙe shi, fitowa yake ya cika ɗaki. Mutum ya shaƙa, ya bi jini, ya sa amai da jiri da ciwon kai, in ya yi yawa ya taɓa huhu da bugun zuciya. Ta ce karon farko masara ce, kwanciyar asibiti ta raba Inna da ɗakin har ƙarfin maganin ya ƙare, shi ya sa muka ga kamar ta warke da ƙarin ruwa. Karo na biyu ga wake, ga magani ya fi yawa, ga taga a toshe. Ni ina fita in sha iska, Inna kuwa a ciki take wuni.

Malam ya ce, "Likita, to a ba ta makarinsa."

Ta ce, "Ba shi da makari. Za mu riƙe numfashinta da jininta da ruwan jikinta har jikin ya fitar da shi. Sauran na Allah ne. Amma yanzu mun san da me muke faɗa, kuma ba za ta koma ɗakin nan ba."

Ya sa hularsa a karkace ya fita.

Alhamis, da safe

Inna tana nan dai. Ba ta buɗe ido sosai ba.

Ni nawa ya tafi gaba ɗaya. Na tashi garau, kai ba ciwo, zuciya ba tashi. Ban taɓa jin haushin lafiya ba sai yau. Astagfirullah.

Alhamis, da la'asar

Hafsatu ta zo da manja a kwalba da madarar gwangwani, wai an ce suna kashe guba. Ta so ta ɗura mata. Nas ta hana, ta ce abin ba a ciki yake ba, ta hanci ya shiga, kuma mutumin da bai farfaɗo ba in aka ɗura masa abu huhu zai tafi. Hafsatu ta fara ɗaga murya, na ce mata ta ajiye kwalbar ko ta fita da ita. Ta dube ni kamar ba ta san ni ba. Ta ajiye. Daga baya ita ce ta kawo mani ruwan alwala, ban san me ya sauko da ita ba, amma na gode.

Malam yana gindin darbejiyar da ke bakin ɗakin marasa lafiya tun jiya. Ya yi waya gida, ya gaya musu abin da Likita ta ce: a buɗe ƙofa da taga, kowa ya nisanci ɗakin har ya sha iska sosai, sannan a fitar da buhunan zuwa rumfar bayan gida inda ba mai kwana, a tsince ƙullin tsumman a binne nesa da rijiya. 'Ya'yan Gwaggo Tani ne suka ce su za su yi. Na kai masa abinci, na dawo na ɗauke shi yadda na ajiye.

Na so in ji haushinsa, na nema ban samu ba. Ni ce fa na toshe tagar.

Juma'a, da hantsi

Jinin ya ɗan hau. Likita ta ce kada mu yi murna tukuna. Na yi a ɓoye.

Asabar, da azahar

Gwaggo Tani ta zo tun daga Tsiga a kan babur, ita da ke tsoron babur kamar me. Ta leƙa Inna, sannan ta ja ni waje. Ta riga ta ji. Ta kama hannuna biyu ta ce, "Lauratu, bakina ne ya ja maki. Na ɗora ki a kan abin da ba shi." Na ce ba ita ba ce, ni ma so nake a ɗora ni. Muka zauna a kan dakali muka yi kuka, mutane na wucewa suna mana ta'aziyya, sun ɗauka rasuwa aka yi. Wannan ya sa muka koma dariya.

Ta ce tun da labari ya bazu, gidaje da yawa a unguwarmu sun fitar da buhuna daga ɗakunan kwana. Ashe har da masu ƙananan yara a cikinsu.

Ina ta juya abin a raina. Da gwajin nan ya fito yadda nake so, da an yi ta murna, da an ce nawa laulayi ne, na Inna kuma tsufa. Da an sallame ta mun mayar da ita ɗakin, mun ƙara toshe taga don kada sanyi ya kama ta. Na san haka. Na gode wa Allah da bai ba ni abin da na roƙa ba a wannan karon. Na rubuta, kuma gaskiya ne.

Lahadi, da safe

Ta buɗe ido ta ce, "Wa ke awo?"

Litinin, da yamma

An cire mata abin numfashi. Ta sha ruwan gishiri da sukari cokali-cokali, ya zauna. Likita ta gaya mata komai da bakinta, har da cewa nan gaba a sayi buhu mai leda biyu a ciki, wanda in an ɗaure shi ƙwari ke mutuwa ba tare da magani ba. Inna ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce da ni, "Ina wancan?"

Malam ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye in da mutane. Na ce yana waje, ya ƙi shigowa, ya ƙi cin abinci. Ta ce in kira shi.

Ya shigo ya durƙusa daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Ya rame kamar shi ne mai jinyar. Inna ta juya fuskarta wajen bango, ta yi magana da ni.

"Gaya mashi, wanda ya sa magani don kada uwarshi ta ci tuwon ƙwari bai yi laifi ba. Ubanshi ma da ya sani da shi zai sa. Gaya mashi kuma in bai ci abinci ba, ni ma na fasa."

Ban maimaita ba, ai ya ji. Kafaɗunsa suka fara rawa. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai yau. Na miƙa masa kwanon shinkafar da Hafsatu ta kawo, ya ci a nan durƙushe, Inna na kallon bango tana sauraren ƙarar cokali.

Laraba, da hantsi

Likita ta ce in aka ci gaba haka za a sallame mu kafin Juma'a. Ta ce shekarun Inna da yawan abin da ta shaƙa, ita kanta ba ta sa rai ba. Na rasa kalmar da zan gode mata da ita, sai na ce Allah Ya jiƙan mahaifa. Ta ce suna raye. Na ce to Allah Ya ƙara musu lafiya, muka yi dariya.

Bayan ta fita ɗakin ya rage daga ni sai Inna, sauran gadajen masu su na barci. Ina shafa mata mai a ƙafa, sai ta ce, "Ɗiyar nan."

Na ce na'am.

"Abin nan fa?"

Tun da ta farfaɗo nake tsoron tambayar nan. Na kasa ɗaga kai. Na girgiza shi kawai, na ce, "Babu, Inna. Maganin ne ni ma."

Hawayena na ɗiga a kan ƙafarta, ina gogewa da man. Can sai na ji hannunta a kaina.

"Likita ta ce mani da ba ki yi aman nan ba, da ba a gano ba."

Na ce haka ta ce.

"To, laulayin naki bai tafi a banza ba. Ni kika haifa." Ta ɗan ja numfashi. "Sai ki share ido ki tashi ki dama wa jinjirar taki kunu, yunwa take ji. Ki sa tsami wannan karon."

Na tashi na dama. Ta shanye kofi guda, ya zauna.